Gidan abincin 'yan Senegal a titi na 116, Harlem: girki na nan, masu ci sun watse

Ranar Juma'ar da ta gabata, bayan an sauko daga masallacin Malcolm Shabazz mai koriyar ƙubbar nan da ke mahaɗar titi na 116 da Lenox a unguwar Harlem ta birnin New York, na taka zuwa gidan abincin da na daɗe ina cin abincin rana a cikinsa tun zamanin da nake tuƙa tasi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da zan koka a kansa ya fi ƙarfin mai gidan.

A wajen girki babu abin kushewa. Na nemi cebu jen, wato dafa-dukan 'yan Senegal da ake yi da ɓarzajjiyar shinkafa da kifi, aka kawo shi da zafinsa, shinkafar ta yi jajir, kowace ƙwaya a ware, ga rogo da kabeji da karas da gauta a gefe, ga kuma ɗan ƙanzo da aka barbaɗa a sama kamar yadda ake yi wa wanda aka sani. An tsaga kifin an cusa masa kayan ƙamshi har ciki. Zoɓon ma da sanyinsa, sukarin bai yi yawa ba. Wanda ya saba da dafa-dukan gida ba zai ji baƙunta ba ko kaɗan.

Sai dai farantin ya ragu, kuɗin kuma ya kusa ninka abin da na saba biya, kuma dogon teburin da direbobin tasi da mata masu kitso ke haɗuwa a kai an ɗauke shi, an jera ƙananan tebura na mutum biyu-biyu. A da, mutum kan zauna sa'a guda bayan ya gama ci, ana shan shayi ana musayar labarin ɗakin haya da aikin yi, kuma da yawa daga cikinmu a bakin teburin nan muka samu wurin kwana na farko. Yanzu kana ajiye cokali za a kawo maka takardar biyan kuɗi.

Da na yi wa Hajiya mai gidan ƙorafi, ba ta musa ba, ta ce duk lokacin da yarjejeniyar haya ta ƙare sai mai ginin ya ƙara kuɗi, kuma ba ta da inda za ta kai kuka. Gaskiya ta faɗa, domin dokar birnin ta taƙaita ƙarin haya a kan wasu gidajen kwana, amma shaguna ba su da irin wannan kariya. Unguwar ce ta yi tsada a kanta. Tun a 1994 gwamnatin magajin gari Giuliani ta tashi masu kasa kaya daga titi na 125, cikinsu har da Hausawa da Zabarmawa 'yan Nijar, aka mayar da wasunsu kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116. A 2008 aka sauya dokar gine-gine ta titi na 125 don a ba manyan benaye dama, a 2017 kuma babban kantin kayan abinci na Whole Foods ya buɗe a can. Masu hannu da shuni suka shigo, haya ta tashi, mutanenmu da dama suka tattara suka koma Bronx, ni ma ina cikinsu.

Ba zan ce babu alheri a sauyin ba, domin titin ya fi tsabta, kuma mace na iya rufe shago da dare ta tafi tashar jirgin ƙasa hankalinta kwance. Sababbin maƙwabtan ma suna sayen abincin, har Hajiya ta ce cinikinsu ne ke biyan hayar. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, waɗanda suka riƙe titi na 116 lokacin da kowa ke gudunsa, har aka riƙa kiransa Ƙaramar Senegal, su ne yanzu ke shigo shi a matsayin baƙi, daga Juma'a sai Juma'a.

Wanda zai je, ya je tsakanin azahar da la'asar, domin cebu jen abincin rana ne kuma yakan ƙare da wuri. In an samu ya ƙare, yassar kaza mai albasa da lemon tsami ba ta da laifi, sai dai miyar gyaɗarsu ta yi mini kauri. Na sa an ƙunsa mini faranti biyu na kai wa iyali, kuma kafin jirgi mai lamba 2 ya kai ni Bronx abincin ya huce.