Raman ko Infirared: Wanne Ya Fi Ganin Motsin SO3?

Ɗaliban kimiyyar sinadarai a Ngaundere sukan yi wannan gardama kan Raman da infirared, hanyoyi biyu na gano motsin ƙwayoyin sinadarai ta amfani da haske, to ga abin da SO3, sinadarin salfa da oksijin, ke nunawa.

Ƙwayar SO3 a shimfiɗe take, salfa a tsakiya, oksijin uku kewaye da ita kamar duwatsun murhu. Idan ukun suka miƙe tare, wajen 1065 cm⁻¹ (ma'aunin saurin motsin), infirared ba ya ganin komai, don caji bai karkata gefe ɗaya ba. Lezar Raman ce ke kama wannan motsi. Amma lanƙwasar da ke ɗaga salfa daga shimfiɗar, wajen 498, infirared kaɗai ke ganinta. Nau'in motsin ƙwayar huɗu ne; sauran biyun, Raman da infirared duk suna ganinsu.

Ni dai Raman nake so: busasshiyar kwalbar gilashi ta wadatar, amma dole ta bushe, domin da zarar SO3 ya taɓa danshi sai ya koma asid.