Na gama kwas ɗin kare haƙƙin ɗan adam na masu aikin wanzar da zaman lafiya, ga abin da na gani

Jama'a salamu alaikum. Tun watan jiya abokaina na da ke ta damuna da tambaya, wai kwas ɗin nan da nake yi ta waya ya kai a ƙona masa data ko kuwa a'a. Toh na gama shi ranar Alhamis, satifiket ma ya shigo imel, don haka bari in faɗi gaskiyar abin da na tarar. Ba zan kama sunan cibiyar ba saboda ina da ƙorafi a kansu, kuma ba ɓatanci ya kawo ni ba.

Ni dai tsohon soja ne, na yi Darfur tun aikin yana hannun Tarayyar Afirka, muna can aka sauya mana koriyar hula da shuɗiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙarshen 2007, lokacin Janar Martin Luther Agwai ne kwamanda. Yanzu ina aiki da wata ƙungiyar agaji, su suka ce kowa ya nemo takardar shaida a wannan fanni, shi ya sa na shiga. Sati shida na yi ina yinsa bayan isha'i.

Abin da ya fara burge ni shi ne ba su ɓoye laifin gida ba. Na zata yabon Majalisa za a cika mana kunne da shi, sai kawai darasi na biyu ya buɗe da Ruwanda, 1994, yadda ana tsakiyar yanka mutane Kwamitin Sulhu ya rage dakarun daga kusan 2,500 zuwa 270, mutum wajen 800,000 suka tafi cikin kwana ɗari. Sun ambaci sojojin Ghana da suka ƙi tafiya suka tsaya, da Kyaftin Mbaye Diagne ɗan Senegal da ya riƙa kwasar mutane a motarsa yana ratsa shingayen 'yan bindiga da lallami da dabara ba bindiga a hannu, har aka kashe shi ƙarshen watan Mayun shekarar. Wallahi sai da na ajiye wayar na yi shiru na wani lokaci. Daga nan Srebrenica a Bosniya, Yulin 1995, Musulmi maza da samari sama da 8,000 aka kashe a garin da Majalisar da kanta ta ce tudun mun tsira ne, ga sojojin Holan a wurin. Sai suka nuna cewa daga wannan abin kunya ne aka fara rubuta kare fararen hula ƙarara a cikin umarnin aiki, na farko a Saliyo a 1999.

Darasin da ya fi taɓa ni kuwa shi ne na lalata da matan gari. Dokar da Kofi Annan, babban sakataren Majalisa na lokacin, ya fitar a 2003 ba ta da kwana-kwana: duk wanda bai kai shekara 18 ba haramun ne ko da dokar ƙasar ta yarda, kuma ba ka da hujjar cewa ai ban san shekarunta ba, sannan ba da kuɗi ko abinci ko aiki don a kwanta da kai shi ma laifi ne. Akwai wani gajeren bidiyo da suka yi, soja ya miƙa wa yarinya gwangwanin abinci ta shingen waya, aka tsayar da hoton aka tambaye ka, a ina kyauta take ƙarewa ciniki ya fara? Wannan tambayar ta mayar da ni baya. Ina tuna sintirin itace da muke yi, mu raka matan sansanin 'yan gudun hijira daji su yo itacen girki saboda in sun fita su kaɗai mahaya na tare su, mu tafi a mota a hankali su suna tafe a ƙasa da jakuna da igiyoyi. Wata rana wata dattijuwa ta ji muna Hausa a mota sai ta juyo ta ce "sannunku 'ya'yana", ashe cikin Hausawan Sudan take, kakanninta hanyar Makka ce ta ajiye su a can. Ta riƙe hannuna ta ce mu dai kada mu bar su. Matar da take kallonka haka, ba ta da kowa sai kai, in ka ci amanarta ai ka fi wanda ya kore ta daga gida zalunci. Babu wanda ya zaunar da mu ya yi mana bayanin nan dalla-dalla kafin mu tafi, kati ƙarami aka raba mana na aljihu shi kenan.

Sashen mulkin riƙo bayan yaƙi shi ne sabo a wurina gaba ɗaya, ban taɓa sanin abin ya kai haka ba. A Kosovo da Timor ta Gabas a 1999 Majalisa ba gadi kawai ta je yi ba, ita ce gwamnati sukutum, wakilin babban sakatare shi ke kafa doka shi ke zartarwa shi ke naɗa alƙalai, kuma ga rigar kariya da yarjejeniyar 1946 ta ba su, babu kotun da za ka kai su. Sun kawo labarin 'yan ƙabilar Roma da aka tsugunar a sansanoni a garin Mitrovica na Kosovo kusa da tsohuwar ma'aikatar narka dalma, yara suka yi ta shan guba shekara da shekaru, mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 mun san me ake nufi. Kwamitin da ita hukumar riƙon ta kafa da kanta ya yanke a 2016 cewa a nemi gafara a biya diyya, sai aka ɓige da buɗe asusun taimako wanda sai ƙasar da ta ga dama za ta saka kuɗi. Haka Haiti, kwalara ta ɓulla a 2010 daga sansanin dakarun Nepal saboda bayan gida da ya malala cikin kogi, kusan mutum 10,000 suka mutu, sai a Disambar 2016 babban sakatare Ban Ki-moon ya ba da haƙuri.

Toh a nan ne kwas ɗin ya ba ni haushi. Sun jero duk wannan, na zauna ina jiran darasin da zai ce ga ƙofar da wanda aka zalunta zai buga, sai kawai aka wuce zuwa jarrabawa. Sun dai faɗa a layi biyu cewa sojan da ya yi laifi ƙasarsa ce kaɗai ke da ikon hukunta shi, iyakar Majalisa ta kora shi gida, kuma tun ƙudurin Kwamitin Sulhu na 2016 ana iya korar runduna ɗungurungum kamar yadda aka yi wa sojojin Gabon wajen 450 a Afirka ta Tsakiya a 2021. Amma bayan ya sauka a filin jirgi fa? Yarinyar da aka bari da ciki a Bangui, babban birnin Afirka ta Tsakiya, ta ina za ta ji ko an yi masa shari'a, wa zai ciyar da ɗan? Wannan shi ne tsakiyar maganar kuma shi suka tsallake.

Na biyu, ko sau ɗaya ba a ambaci ECOMOG ba, wato rundunar wanzar da zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma. Sojojinmu sun shiga Laberiya tun 1990 lokacin duniya ta kawar da kai, sun zubar da jini a Saliyo, kuma an zarge su da harbe mutane ba shari'a a Freetown, babban birnin Saliyo, a Janairun 1999. Duka biyun ya kamata a koya mana, alherin da abin kunyar, don namu ne, da shi za mu fi ɗaukar darasi.

Sai matsalolin yau da kullum. Bidiyoyin suna cin data ba kaɗan ba kuma ba a iya sauke su, in netwok ya ɗauke sai ka koma farko. Turancin na lauyoyi ne, ni da na ɗan yi karatu ma sai da ƙamus a gefe, ina ga kofur ko farabiti wanda shi ne ke tsaye a shinge yana haɗa ido da talaka? Babu Hausa babu Larabci, ko murya ce a naɗa. Jarrabawar kuma rabinta haddar lambobin ƙuduri ce, da sun yawaita irin tambayar gwangwanin nan da ya fi. Wajen biyan kuɗin satifiket katina na naira ya ƙi shiga, na tura musu saƙo har uku, sai bayan kwana tara aka amsa.

Duk da haka in ka tambaye ni zan ce ka yi shi, musamman ɗan sanda ko soja da sunansa ya fito a jerin masu tafiya, da ma'aikatan agaji. Cikin biyar na ba shi uku da rabi. Ɗan yayana da ke shirin tafiya Sudan ta Kudu na riga na sa shi ya yi rajista, na ce masa duk darasin da ya gama ya tara yaran da ke ƙarƙashinsa a wurin aiki ya maimaita musu da bakin da suke ji. Ku nemi datar dare ku riƙa kallo bayan sha biyu, kuma ku tanadi wanda zai biya muku da katin dala tun kafin ku kai ƙarshe.