Shirin rage ƙiba na yara masu asma, yadda muka gan shi ni da yarinyata

A taƙaice dai shirin yana aiki, amma ba yadda mutane suke zato ba, kuma akwai abubuwan da suka ɓata min rai sosai. Wani asibitin kuɗi ne a nan Kano da yake haɗa likitan ƙirji da mai tsara abinci don yara matasa masu asma da ƙiba, yarinyata tana da shekara 15, asma tun tana firamare, jikin kuma ya fara buɗewa ne bayan ta shiga JSS.

Abin da ya fara burge ni ba su tashi da maganar abinci ba, sai da suka auna numfashinta tukuna. Akwai wata na'ura da ake danne hanci da ɗan maƙali, yaro ya cika ƙirji ya busa da iya ƙarfinsa har sai iska ta ƙare, sannan a ba shi inhela shuɗiyar nan ta salbutamol a jira kamar kwata a sake busawa, idan lambar ta tashi sosai to hanyoyin iskar ne suka tsuke, asma ce ke nan. Likitan ya ce Hajiya ba duk haki ne asma ba, yaro mai ƙiba yana iya haki don kitsen ciki yana tokare huhu daga ƙasa ya hana shi buɗewa yadda ya kamata, shi ya sa za ki ga ana ta fesa inhela amma hakin na nan. Ita dai an samu duka biyun a tattare da ita.

Bayanin da ya yi kan yadda abin ke zagayawa shi ne ya fi tsaya min. Yarinya tana tsoron gudu don kar asma ta tashi, malamai ma sun cire ta daga wasanni, to ta zauna ke nan, jiki ya ƙaru, numfashi ya ƙara wuya, in asmar ta tashi kuma a garzaya kemis a karɓo prednisolone, shi kuwa maganin nan in ana yawan shan sa yana buɗe ciki da tara ruwa da kumbura fuska, ga shi a garin nan ko'ina ka je miƙo maka shi za a yi ba tambaya. Ashe dai wani ɓangare na ƙibar daga maganin asmar yake.

Sun canza mata magani. Ya ce tun 2019 ƙa'idar GINA, wato wadda likitocin asma na duniya ke bi, ta daina yarda a bar matashi da shuɗiyar inhela kaɗai, dole a haɗa da mai kwantar da kumburin cikin hanyoyin iska. Aka ɗora ta a kan mai haɗin budesonide da formoterol, aka ce ta riƙa kuskure baki ta tofar bayan ta shaƙa saboda kar farin nan ya fito mata a harshe. Wata sista ta zaunar da ita ta ce yi mu gani yadda kike fesa shuɗiyar, wallahi rabin maganin a kan harshe yake tsayawa, sai ta kawo wani bututun roba da ake cewa sifesa, a maƙala inhelar a bayansa a fesa sau ɗaya a shaƙa a hankali. Wannan ɗan zaman kaɗai ya kai kuɗin da muka biya.

Ɓangaren abinci kuwa na ji daɗi da ba su kawo mana takardar Turawa mai burokoli ba. Mai tsara abincin ta tambayi me ake dafawa a gidan, ta ce tuwo na nan, a dai rage malmala a ƙara miya, kuka, kuɓewa, zogale, a rage man da ke yawo a saman miyar. Abin da ta kafe a kai shi ne lemon kwalba, da zoɓo da kunun aya masu sukari kamar me, da Indomie ɗin dare, da fanke da awarar bakin makaranta. Ta ce ba a sa yarinya mai girma yunwa, kuma kar a ware mata kwano daban ƙannenta na shan lemo a gabanta, gidan ne gaba ɗaya zai canza. Babansu ya fi kowa ƙorafi, ƙarshe dai shi ma tumbin ya ɗan sauka. Na tambaye ta shayin rage ƙiba da ake tallatawa a status, ta ce yawancinsu ganyen filasko ne a ciki, gudawa kawai yake sawa, ruwa ne ke fita kitsen na nan daram. Allurar rage ƙiba ta Wegovy ma na yi maganarta don na ji a Amurka an yarda da ita ga 'yan shekara 12 zuwa sama tun ƙarshen 2022, likitan ya ce ba da ita ake farawa ba, ga tsada, kuma in an daina jikin yakan dawo.

Burin da suka sa mata shi ne kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinta, wai daga nan ake fara ganin sauƙi a asmar. Ta fara da kilo 84, yanzu tana 78 bayan wajen rabin shekara, a ido ba wani abin a zo a gani ba ne, dangi ma har cewa suke ina ramar take. Amma tarin asuba ya ragu ƙwarai, munsharin ya yi sauƙi, ƙwannafin da ke tayar mata da tari da dare ya tafi, tana hawa benen makaranta ba ta tsayawa a tsakiya, shuɗiyar inhela da a da ba ta daɗewa yanzu sai ta manta inda ta ajiye ta. Motsa jikin ma tafiya ce kawai da yamma da tsallen igiya a tsakar gida, ta shaƙi magani kafin ta fara. Sai dai da hunturu ya shigo da ƙura asmar ta ɗan tashi mata, aka ce mu bar turaren wuta da maganin sauro mai hayaƙi a ɗakinta, ta riƙa sa takunkumi in za ta fita da safe. Kilo shida bai raba ta da asma ba, maganin kullum na nan ba a taɓa shi ba.

Yanzu ga inda suka gaza. Layi, a ba ka ƙarfe tara likita ya shigo sha biyu, yarinya ta rasa makarantar ranar. Kuɗin gwajin busawa daban, na ganin mai abinci daban, ba wanda ya faɗa mana sai a wajen biya. Inhelar kuma tun 2023 farashinta ya yi tashin gwauron zabi, a kantin maganinsu ta fi waje tsada, mu dai a waje muke saye muna duba lambar NAFDAC. Abin da ya fi min ciwo, sikelin a baranda yake gaban kowa, wata ma'aikaciya ta ɗaga murya ta karanto kilon yarinyar har da cewa kai wannan ai ta fi uwarta, yarinya ta yi kwanaki ba ta son a ambaci asibitin. Na kai ƙara wajen metiron, sun ba da haƙuri, amma sikelin har yau yana wurin.

Ni dai zan ba su huɗu cikin biyar saboda likitan da sistar nan. In za ku je ku tafi da duk inhelar da yaron ke amfani da ita har da kwalayen da suka ƙare, ku nemi a rubuta muku kuɗin komai tun a farko, kuma ku ce a auna shi a cikin ɗaki.