Manhajar IMDb da gardamar majalisarmu

Idan gardamar ita ce wace shekara aka fitar da fim, ko wa ya fito a matsayin mugu, ko wa ya ba da umarni, ban ga abin da ya kai IMDb, manhajar bayanan fina-finai, saurin kashe bakin mutum ba. Kyauta ce, tana buɗewa ko a ƙaramar waya, kuma ba ta cinye data muddin ka kauce wa tallan sababbin fina-finai. Inda nake da ja shi ne lambar makin nan da ke gefen tauraro mai ruwan ɗorawa a shafin kowane fim, wadda samarinmu suka naɗa alƙaliya a kan tambayar wane fim ya fi wane.

Ni tela ne a Fagge, kuma ƙofar shagona ce majalisa bayan isha'i. Kashi biyu muke. Akwai dattawan da suka yi kallon Indiya a Marhaba da Plaza da Eldorado, lokacin da babu fassara, sai dai mutum ya bi labari ta fuskar jarumi da kukan uwa. Akwai kuma yaran da ake tura wa fassarar Hausa a waya, ba su taɓa bin layin tikiti ba. Wani dare wani dattijo mai sayar da atamfa ya kafe cewa tun da aka yi Sholay a 1975 ba a sake yin kamarsa ba. Yaron shagona ya zaro waya, ya ɗan lallatsa, ya miƙa masa.

"Baba, Allah ya ba ka haƙuri, ga shi nan a rubuce. 3 Idiots ya ɗara shi maki."

Dattijon ya nisanta wayar da idonsa, ya ƙura mata ido, ya mayar masa. "Su wa suka ba da makin? Ni dai ba wanda ya zo ya tambaye ni."

Wani daga can gefe ya ce ai dama sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Aka kwashe da dariya, don kowa a wurin ya san Sarkin Ƙarfi shi ne laƙabin da Kanawa suka ba Dharmendra, jarumin Sholay, gwanin Baba.

Tambayar dattijon tana da amsa, kuma amsar ba ta goyon bayan yaron. Wani Bature ɗan Ingila, Col Needham, shi ya fara IMDb a 1990, kamfanin Amazon ya saye ta a 1998. Duk wanda ya yi rajista yana iya ba fim maki daga 1 zuwa 10. Babu mai tambayarsa ko ya kalla. Sannan lambar da ake nunawa ba tara maki da rabawa ba ce kawai. Suna da wani lissafi da ke ba wasu ƙuri'u nauyi fiye da wasu, kuma sun faɗa da bakinsu cewa ba za su bayyana shi ba, wai don kada 'yan maguɗi su gane hanya. Na fahimci uzurin, amma duk zaɓen da ake ƙirgawa a ɗaki a kulle, mu 'yan Najeriya mun san yadda muke kallonsa.

Jerinsu mafi shahara shi ne na fina-finai 250 mafiya maki. Kafin fim ya shiga sai ya tara ƙuri'u 25,000, kuma ƙuri'un masu yawan zaɓe kaɗai ake lissafawa. Wanda ke saman jerin shi ne The Shawshank Redemption na 1994, da maki 9.3, The Godfather na biye da shi da 9.2. Yadda aka yi na farkon ya hau sama shi ne labarin da na fi so in ba yaran. Shekara da shekaru The Godfather ne a kan kujerar. A watan Yulin 2008 aka saki The Dark Knight, masoyansa suka yi dafifi suna zuba masa 10, har ya haye na ɗaya. Wasu ba su tsaya nan ba, suka koma suna danna wa The Godfather 1 don su janyo shi ƙasa. Da ƙura ta lafa, sabon fim ɗin ya sauka, tsohon bai koma kujerarsa ba, Shawshank da bai shiga faɗan ba ya ɗare, kuma yana nan har yau. Fim ne mai kyau, na kalle shi ba sau ɗaya ba. Amma shi ɗin ma da aka sake shi bai yi kasuwa a sinima ba, kuma duk da ya shiga takarar Oscar a rukuni 7, ko ɗaya bai ci ba. To wace ƙuri'ar ce ta gaskiya, ta masu sayen tikiti a 1994, ko ta alƙalan Oscar, ko ta masu danna tauraro?

Na Indiya ya fi wannan zafi. A 2014 aka saki Gunday, na Ranveer Singh da Arjun Kapoor da Priyanka Chopra. A farkon fim ɗin an nuna kamar ƙasar Bangaladesh ta samu ne daga yaƙin Indiya da Pakistan na 1971, abin da mutanen ƙasar suka ɗauka raini ne ga yaƙin neman 'yancin da suka zubar da jini a kansa. Suka yi gayya, dubbai suka shiga suna ba shi 1, har ya zama fim mafi ƙarancin maki a manhajar gaba ɗaya a lokacin. Fushinsu yana da dalili, kamfanin da ya yi fim ɗin ma ya nemi afuwa. Sai dai wanda ya zo neman abin kallo ya ga lambar, zai ɗauka aikin ne ya lalace, alhali rigima ce ta tarihi. A 2023 kuwa, da aka yi wa The Little Mermaid irin wannan taron dangi, IMDb ta liƙa sanarwa a shafin cewa ta ga zaɓe da ba a saba gani ba, don haka ta canza lissafi. Na yaba da suka faɗa. Ko da yake hakan ya nuna cewa hannunsu yana kan sikeli duk lokacin da suka ga dama.

Akwai dabarar da ke rage wannan ruɗu, kuma manhajar ce da kanta ta tanada, mutane ne ba sa dubawa. Idan ka danna kan lambar, za ta buɗe maka yadda ƙuri'un suka rarrabu, har da ƙasashen da suka fi jefawa. In ka ga makin ya taru a 7 da 8, ya sirance ta gefe biyu, to masu kallo ne suka faɗi ra'ayinsu. In ka ga 10 ta yi tsiri, 1 ta yi tsiri, tsakiya fayau, to faɗa ake yi, ka rufe ka tambayi wanda ka yarda da idonsa.

Wani malamin makaranta da ke zama da mu yakan ce maganin abin shi ne a bar wa masana. Ban yarda ba. Mujallar Sight and Sound ta Ingila tana tambayar masana duk bayan shekara goma tun 1952. A 2022 mutum 1,639 suka zaɓa, kuma wanda ya zo na ɗaya fim ne na wata 'yar Beljiyam, Chantal Akerman, na 1975, mai tsawon fiye da awa uku, inda ake kallon mace tana feraye dankali tana wanke kwanuka. Wataƙila akwai hikima a ciki. A majalisarmu dai kafin ta gama ferayar an watse.

Abin da ya fi ci min rai kuwa shi ne na gida. Nemi fina-finan Kannywood ka gani. Ali Nuhu yana da shafi, wasu manyan ma suna da shi, amma jerin ayyukansu a gutsure yake, kuma fina-finai da yawa da suka tashi kan garin nan ko dai babu su, ko suna nan babu hoto, babu ƙuri'ar kirki. Masana'antar da ta faro tun Turmin Danya a 1990, wadda ta yi Sangaya da Wasila da aka rera waƙoƙinsu daga Kano har Maraɗi, idan da IMDb za ka auna ta sai ka ce jiya aka fara. Shirin da miliyoyi ke bi a YouTube duk mako ba zai ga ƙurar ƙuri'u 25,000 ba, don masu kallonsa ba can suke magana ba. Suna magana a majalisa, a cikin adaidaita sahu, a ɗakin amarya. Manhajar ma ba ta jin Hausa, ga Turanci, ga Faransanci, ga Indiyanci da wasu kaɗan. Kuma fim ɗin Indiya da ka sani da sunan da masu fassara suka raɗa masa, ba za ka same shi da wannan sunan ba, sai ka bi ta jarumin, ka yi ta duba hotuna har ka gane shi. Laifin dai ba na Turawa kaɗai ba ne. Kowa yana iya tura bayanan fim a duba a saka, furodusoshinmu ne ba su ɗauki abin da muhimmanci ba.

Sashen da ya sa ba zan goge ta daga wayata ba shi ne wanda suka ware wa iyaye. A ƙasan kowane sanannen fim ana jero abin da ke ciki: tsiraici, zubar da jini, ashariya, giya da ƙwaya, da abin tsoro, kowanne da bayanin ko kaɗan ne ko da yawa, wani lokaci har da wurin da abin ya faru. Masu kallo ne ke rubutawa, don haka ƙananan fina-finai sukan zo babu komai, kuma abin da Bature ya kira kaɗan, a falon Bahaushe yana iya sa a nemi rimot da gudu. Duk da haka, kafin in yarda a tura wa yarana fim a waya, ko in kunna shi surukata tana zaune, can nake fara leƙawa, in ga an rubuta "matsakaici" a layin farko in ce a nemo wani.