Dogon bututu, gajeren bututu, ko akwatin da Toyota ta saka? Amsa ga mai Corolla 2010

Wani ɗan'uwa a zauren nan ya ce yana da Corolla 2010 'yar Amurka mai inji 1.8, yana aiki da ita cikin Kano, wani lokaci ya hau titin Zariya. Ya ga ana tallar bututun jan iska mai sanyi, an ce yana ƙara ƙarfi kuma yana rage shan mai. Akwai dogo wanda ake rubuta wa CAI, akwai gajere mai suna SRI. Wanne ya kamata ya saya, kuma zai iya ɗaurawa da kansa?

Malam, ba abu biyu za ka auna ba, uku ne, domin akwatin da ke cikin motarka ma ɗan takara ne. Injinka 2ZR-FE ne, ƙarfin doki 132. Akwatin filta na asali ba daga cikin zafin bonet yake shaƙa ba: yana da tiyon da ke ɗebo iska daga gaban mota, ta wajen fitilar gefen direba, kuma jikinsa roba ce wadda ba ta saurin ɗaukar zafi kamar alminiyam. Wato tun daga kamfani motar tana jan iska mai ɗan sanyi. Abin da Toyota ta ƙara shi ne ɗakunan kashe ƙara, su ne ake cirewa a ji injin yana gurnani.

Maganar sanyi gaskiya ce a lissafi. Duk ƙarin digiri 10 na zafi yana rage nauyin iska da kusan kashi 3 cikin 100, kuma idan iskar ta yi zafi sosai ƙwaƙwalwar motar tana jinkirta wutar fulogi don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, ƙarfi ya sake raguwa. A nan gajere yake faɗuwa. Filtarsa a buɗe take cikin ɗakin inji, tana shaƙar abin da fankar lagireto ta huro. A cunkoson watan Afrilu, waje yana digiri 40 da ɗoriya, esi a kunne, iskar da gajeren bututu ke ja takan haura digiri 60. Sai ka taka totur bayan danja ta sake ka, ƙara ta cika titi, motar kuma ta yi nauyin tashi. Idan an hau babban titi iska na ratsa bonet, bambancin yana raguwa. Farantin kare zafi da ke zuwa da wasu yana taimakawa, amma sai mai robar da ke manne da murfin bonet idan an rufe. Dogo kuwa ya ci wannan zagayen, tunda filtarsa tana can ƙasa cikin madigadi, bayan bamba, nesa da inji.

To, ƙarfin nawa za a samu? Inji mai lita 1.8 yana cika silindojinsa sau ɗaya a kowane juyi biyu, don haka a juyi 6,000 a minti bai wuce ya ja lita 5,400 na iska ba. A wannan wurin ne kawai akwatin asali ke iya zama ɗan cikas, kuma abin da bututu mai kyau ke ƙarawa ƙarfin doki kaɗan ne, wanda jiki ba ya cika ji. A tuƙin yau da kullum, juyi 2,000 zuwa 3,000, faifan totur ne da kansa yake tare iska, a buɗe kaɗan. Komai faɗin bututun da ke gabansa, abin da faifan ya bari ne zai wuce. Shi ya sa batun rage shan mai ba ya tsayawa: ƙwaƙwalwa tana riƙe gaurayen iska da fetur a 14.7 bisa 1, iska ta ƙaru ta ƙara mai. Galibi ma man ƙaruwa yake yi, don mai motar ya ji daɗin ƙara sai ƙafa ta yi nauyi.

Ruwa shi ne babban laifin dogo, kuma gara a tsaya a kansa. Kowace silinda a injinka tana ɗaukar kusan cc 450, matsinta kuma 10 bisa 1 ne. Idan fistin ya kai ƙololuwa, sararin da ya rage cc 50 ne kacal, wato kashi ɗaya cikin goma na ledar fiya-wata. Iska tana matsuwa, ruwa ba ya matsuwa. Da zarar ruwan da ya kai haka ya shiga silinda ɗaya, fistin zai daki abin da ba ya motsi, konrod, sandar da ke riƙe fistin, ya lanƙwashe ko ya karye, wani lokaci ya fasa jikin inji ya fito. Yayyafi ko feshin taya ba su cika jawo wannan ba, sai filta ta nutse. Amma duk wanda ya san titunanmu a watan Agusta, lokacin da kwatoci suka toshe, ya san ruwa yakan kai bamba, ga kuma igiyar da babbar mota ke turowa idan ta wuce ka. Akwai rigar filta mai korar ruwa, irin Hydroshield na kamfanin Injen ko DryCharger na kamfanin K&N; feshi suke tarewa, ba nutsewa ba. Kamfanin AEM ya yi wani bawul da ake sakawa a tsakiyar bututu, wanda ke buɗewa ya ja iska daga sama idan ƙasa ta nutse. Wasu dogayen kuma gida biyu ne, ana cire rabin ƙasa da damina su koma gajere. Idan har mota ta mutu cikin ruwa, kada a murɗa makulli. A ture ta, a cire fulogi huɗun, a juya injin ruwan ya fita ta ramukan, a canza baƙin mai. Gajere da akwatin asali duk suna sama, sun fi tsira.

Sai ƙura, wadda ba ta yin ƙara amma ita ce ke cin inji a hankali. Filtar takarda ta asali ta fi kama ƙurar hunturu mai laushi. Filtar auduga mai mai, irin jar nan ta K&N, tana barin iska ta fi wucewa ne saboda ramukanta sun fi faɗi, man da ke jikinta ne yake riƙe ƙura. Idan man ya bushe, ƙura ta wuce ta goge ringi da bangon silinda, bayan lokaci motar ta fara shan baƙin mai. Idan kuma man ya yi yawa, sai ya tsinke ya manne a kan siririyar wayar eyafulo, na'urar auna iska da ake kira MAF, ta fara ƙarya. Wankinta ma da ƙa'ida: a fesa ruwan wankinta, a bar shi minti 10, a ɗauraye daga ciki zuwa waje da ruwa mara ƙarfi, a bar ta ta bushe da kanta, a zizara mai layi ɗaya a kan kowane ninki, a jira minti 20. Mai son guje wa wannan ya nemi busasshiyar filta irin Dryflow ta AEM. Wajen ƙura dogo ya fi shan wuya, don yana kusa da taya, kuma ba ka ganin filtar sai ka buɗe rufin madigadi. Abin da ido ba ya gani, mantawa ake yi da shi. (Ita ma ta takardar, a daina kai ta wurin mai faci yana hura mata iska da ƙarfi, hakan yana yaga zarenta ko da ba a ga rami ba. A kakkaɓe ta a hankali, in ta yi baƙi a canza.)

Akwai abin da ya fi tsawon bututu muhimmanci, kuma a nan yawancin masu saye ke faɗawa rami. Eyafulo ba ya auna iskar duka. Yana auna ɗan abin da ya ratsa wayarsa ne, ƙwaƙwalwa ta yi lissafin sauran bisa faɗin bututun da ta sani. A ce wurin zamansa na asali inci 2.5 ne, ka kawo bututun nan mai ƙyalli da ake cewa yana shiga kowace mota, mai inci 3. Sararin da iska ke bi a bakin ya ƙaru da kusan kashi 44 cikin 100, iska tana tafiya a hankali, eyafulo ya ce iska kaɗan ce, mai ya yi kaɗan. Sakamakon: silo mai rawa, shaƙewa idan an taka, fitilar cek, kwamfuta ta nuna lambar matsala P0171 ko P0101. Don haka ko dogo ko gajere, a sayi wanda aka rubuta masa Corolla 2009 zuwa 2013 inji 1.8, mai mazaunin eyafulo da aka ƙera a jikinsa. Wanda za a huda da dirila a liƙe da gam, a bar wa mai shago kayansa.

Ɗaurawa kuwa, gajere aikin kusan minti 45 ne da soket mai lamba 10, sukudireba da filaya. Injin ya huce, ka cire kan batir na negatif. Ka zare soket ɗin eyafulo, ka kwance sukurori biyun da ke riƙe shi, ka ajiye shi kan tsumma mai tsabta, kada yatsa ya taɓa wayar. Ka sassauta maɗaurin da ke bakin totur, ka zare tiyon numfashi da ke zuwa daga murfin inji, ka saki duk wani ƙaramin bawul ko waya da ke maƙale a jikin tiyon asali, sannan ka ɗaga murfin akwati, ka kwance kusoshin ƙasansa. Toshe bakin totur da tsumma muddin yana buɗe. Sukuru ɗaya ya faɗa ciki, aiki ya zama na bakanike. Ka jera sabon bututun da maɗaurai a sake, ka mayar da eyafulo da zoben robarsa, yana fuskantar inda iska ke fitowa kamar yadda ka same shi. Sai komai ya zauna, da tazarar yatsa tsakanin bututu da batir, wayoyi da tiyon ruwa, sannan ka ɗaure. Kada a tsallake robar nan mai ƙusa biyu da ke haɗa bututu da jikin mota: inji yana motsi a kan kujerunsa, bututun da aka ɗaure ƙam zai tsage ko ya zare daga bakin totur.

Dogo yana ƙara maka jak da abin tokare, cire tayar gaba ta gefen direba, ɓalle kilif-kilif na rufin madigadi, da fitar da akwatin kashe ƙara da ke ɓoye a can. Ka ware awa biyu, ka sayi kilif na ƙari don tsofaffin suna karyewa. Rufin nan dole ya koma daidai, in ba haka ba taya za ta riƙa watsa wa filta laka kai tsaye.

Bayan an mayar da batir, ka tada motar ba esi ba fitila, ka bar ta tana silo minti 10 ta sake koyo. Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa da soket ɗin eyafulo, sai a ga lambobin matsala P0102 da P0113 tare, ko barin tiyon numfashi a sake, iskar da ba a auna ba ta riƙa shiga. Idan eyafulo ya yi datti, da feshinsa na musamman ake wanke shi, ba na kafireto ba.

A ganinmu, ga motar da za ta sha hunturu da damina a Kano, akwatin asali da filtar takarda mai kyau ya fi biyun. Idan ƙarar ce kake so, kuma wannan dalili ne da ba laifi, ɗauki gajere na ainihin motarka mai farantin kare zafi da busasshiyar filta. Dogo sai ga wanda ya san hanyarsa ba ta tara ruwa, ko zai riƙa raba shi kowace damina.

Kafin ka cire komai, sayi ƙaramar na'urar ELM327 mai karanta bayanan ƙwaƙwalwar mota, ka haɗa ta da manhajar Torque ko Car Scanner a waya, ka rubuta lamba uku da akwatin asali: zafin iskar shiga a cunkoso da a babban titi, karatun eyafulo a silo, wanda ya kamata ya tsaya wajen giram 2 a daƙiƙa idan inji ya yi zafi, da gyaran mai na dogon zango, LTFT, wato yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa ko ragewa. Bayan mako guda da sabon bututu ka sake duba su. Idan LTFT ya haura kashi 10 kuma ka tabbatar ba inda iska ke satar shiga, bututun bai dace da eyafulonka ba, sai a mayar da akwatin. Don haka kada ka sayar da shi a kasuwar Kofar Ruwa. Haɗa shi da kusoshinsa da tiyonsa cikin buhu ɗaya ka ajiye.