Injin M3 ya sake bugawa: a ɗaure shi, a sayo na Belgium, ko a kawo daga waje?

Duk mai riƙe da BMW M3 ƙirar E90 ko E92, wadda aka ƙera daga 2007 zuwa 2013, ya san inda ciwonta yake: metal ɗin konrod, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin karanshaf da konrod, sandar da ke haɗa shi da fistan. Injin da kamfanin ya kira S65 silinda takwas ne, lita 4, ƙarfin doki 420 a lissafin Turai, kuma yana juyawa har sau 8,400 a minti ɗaya. Tazarar da ke tsakanin metal da karanshaf ƙarama ce ƙwarai, ga shi baƙin man da aka ce a zuba masa mai kauri ne, 10W-60. In aka taka shi da sanyin safiya man bai gama ratsawa ba, ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe. Yayarta M5 mai silinda goma, ƙirar E60, ciwonsu ɗaya.

Bugawar farko ana iya ɗora wa ƙira. Ta biyu kuwa, bayan an ɗaure injin ko an ɗora wani, galibi akwai abin da aka bari a jikin motar yana jiran sabon inji. Don haka kafin ka tambayi farashin komai, kuɗinka na farko bincike ya kamata ya ci.

Kada ka bari a jefar da mataccen injin ko a yi musayarsa tun ba a buɗe shi a gabanka ba. Filtar man M3 ta takarda ce, ana zaro ta a yanka a baza a rana. Ƙyalli mai launin jan ƙarfe ko azurfa daga metal yake. Sai a cire kwanon mai a jera metal ɗin konrod takwas bisa tsarinsu. Idan duka sun ci daidai wa daida, ka zargi man: ko bai dace ba, ko jabu ne, ko famfon mai ba ya tura shi da ƙarfi. Idan ɗaya ne ya ƙone sauran lafiya lau, ka zargi aikin hannu a wannan wurin: konrod da ya buɗe baki tun bugawar farko aka mayar da shi, ko ƙusar da aka ɗaure ba bisa ma'auni ba, ko hanyar mai da ta toshe. Idan kuma fistan ne ya narke ko silinda ɗaya ta yi zane, ba maganar metal ba ce, a koma kan injekta da fetur. Injektar da ta maƙale a buɗe tana wanke man jikin silinda, tana tsinka baƙin mai da fetur, wani lokaci ma ta cika silindar har konrod ya lanƙwashe. Mai irin wannan injekta ko inji nawa ya saya haka za ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tunda makanikai kan kwashe injektocin tsohon su mayar kan sabon.

Abin da ya fi kashe inji na biyu shi ne garin ƙarfen na farko. Lokacin da metal ya narke, ɓurɓushinsa ya bi mai ya shiga ko'ina: na'urar sanyaya baƙin mai da ke gaban mota, bututunta, gidan filta, har cikin VANOS mai juya kamshaf. Na'urar sanyaya man nan ramukanta ƙanana ne, wanki da fetur ko hura mata iska ba ya fitar da komai duka. Da man ya yi zafi sai ta saki abin da ta ɓoye. Sabuwa ake saya, ba a ciniki a kan wannan. Duk makanikin da ya ce maka "Alhaji, mun wanke ta tas" ka gode masa, ka sayo sabuwa.

Kayan binciken ba su da yawa. Akwai agogon auna ƙarfin mai da ake ɗaurawa kai tsaye a jikin inji, akwai 'yar kyamarar da ake zurawa ta ramin fulogi a ga bangon silinda, akwai kuma gwajin matsin iska. Kwamfutar da ake sa wa mota a gefen titi tana karanto lamba ta goge, amma manhajar BMW da ake kira ISTA ita ce ke nuna tarihin zafi da silindar da ke tsallake wuta. Sai dai a sani: babu kwamfutar da ke ganin metal na cinyewa. A Amurka masu motar kan aika samfurin man da suka juye zuwa ɗakin gwaji irin Blackstone a duba yawan dalma da jan ƙarfe a ciki. Dabarar ta fi aiki a motocin farko, domin wajen 2011 BMW ta koma metal marar dalma, sai alamar ta yi wuyar gani.

To, an gano dalili. Me za a saya?

Ɗaure naka injin shi ne zaɓin da na fi so, da sharaɗi biyu: bulok bai fashe ba, silinda ba ta yi zane mai zurfi ba. Nan ne mutane ke faɗawa rami. Bulok ɗin S65 na alminiyam ne haɗe da silikon, ba shi da hannun riga na ƙarfe a ciki kamar tsofaffin injinan da masu gundura suka saba. Wanda ya gundure shi yadda yake yi wa Peugeot 504 ya kashe shi, ringi ba zai zauna ba, mota ta riƙa shan mai tana hayaƙi. Karanshaf da ya yi shuɗi don zafi ma a nemi wani ya fi a goge shi. Metal kuwa akwai na BMW, akwai na kamfanoni irin ACL da King da BE Bearings, waɗanda wasu nasu an ƙara musu 'yar tazara don mai ya samu hanya. Ƙusoshin konrod na asali sau ɗaya ake ɗaure su, don suna miƙewa. Ko a sayi sababbi na BMW ko na kamfanin ARP. Tambaya ɗaya za ta nuna maka makanikin: "Oga, da me za ka auna tazarar metal?" In ya fito da maikuromita ko zaren Plastigauge, ku zauna ku yi magana. In ya ce hannunsa ya saba, ɗauki mukullinka.

Injin Belgium, wato wanda aka ciro daga wata motar a ƙetare, shi ne hanya mafi sauri, shi kuma ya fi jan hankali, tunda ana sa shi a tayar a ji ƙara. Amma M3 ba Corolla ba ce da za ka tarar da injinta jibge a Kofar Ruwa ko Panteka. Sai an cigita a kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja, ko a yi odarsa daga Sharja, kuma wanda ya samu ba ka san yadda mai shi na farko ya tuƙa shi ba. Injin da ya fi ƙuruciya a cikinsu ya haura shekara goma, da irin ciwon metal ɗin da ya kashe naka. Garantin mako ɗaya ko biyu da 'yan kasuwa ke bayarwa bai kai lokacin da metal ke nuna halinsa ba. Idan shi za ka saya, ka sa kuɗin sabon metal da ƙusoshi a cikin farashinsa tun farko, a canza su yana ƙasa kafin a ɗora. Ka nemi a cire kwanon mai a shagon kafin ka biya. Ɗan kasuwar da ya ƙi yarda ya ba ka amsa.

Injin da ƙwararru suka sake ginawa a Jamus ko Ingila ko Amurka ya fi tsada nesa ba kusa ba, ga kuɗin jirgi da na kwastan. Amfaninsa takardar ma'auni da ke zuwa da shi. Garantinsa kuwa kusan ado ne, don mayar da inji ƙetare daga Kano ko Abuja wani asarar ne. Ya dace da wanda bulok ɗinsa ya huje kuma ya ƙudura zama da motar shekaru.

Akwai masu cewa a ɗora mata injin Toyota a huta. Motar za ta yi tafiya, amma M3 ɗin ta tafi, kuma rigimar waya da giya da agogon gaba ba ta ƙarewa. Wanda ya kai nan gara ya sayar da ita yadda take, ya faɗa wa mai saye gaskiya.

Kowanne ka zaɓa, yanayinmu na da nasa haraji. BMW ta fi son a ba injin nan fetur mai oktan 98 (ma'aunin jure matsin inji ne), na gidajen manmu yawanci bai kai haka ba, saboda haka duk wata manhajar ƙarin gudu da aka ɗora wa kwamfutar motar a cire ta. Zafin Afrilu da ƙurar hunturu suna gajiyar da mai da wuri, a riƙa juye shi kafin lokacin da motar ke nunawa, a saye shi wurin dila tabbatacce, kada a musanya shi da 20W-50 na tasha. Motar ba ta da sandar duba mai, a allo take nunawa, don haka na'urar da ke auna shi dole ta kasance lafiyayya. Agogon juyin inji ma yana da alamar gargaɗi da ke matsawa sama yayin da mai ke ɗaukar zafi. Kafin ta kai ƙarshe, ƙafa a hankali. Bayan an ɗora injin, a juye man farko da wuri, a sake yanka filtar a baza a rana. In ta fito babu ƙyalli, sannan ka biya makanike cikon kuɗinsa.