Faifan Geminiani na Andrew Manze: ya ci kuɗin forfe amma ku nemi ekutar

Jama'ar Maraɗi masu son kiɗan Turawa na da (na san ba mu da yawa, wasu ma dariya suke mana a fada) ga ra'ayina kan faifan da ƙungiyar Academy of Ancient Music ta Ingila ta yi tare da mai goge Andrew Manze, kamfanin Harmonia Mundi ya fitar. CD biyu ne, concerto grosso (kiɗan taron makaɗa) 12 na Francesco Geminiani, amma ni a waya na sauke shi don ban ga mai saida irin wanga faifai a kasuwa ba.

Asalin kiɗan ba na Geminiani ba ne, na malaminshi ne Arcangelo Corelli wanda ya wallafa sonata 12 a Roma a 1700, goge guda da masu rakiya kawai. Shi Francesco Geminiani ɗan garin Lucca ne, ya koma Landan a 1714 ya tarar Turawan Ingila suna mutuwar son Corelli, sai ya ɗauki kayan malam ya buɗe su ya mai da su na taron makaɗa, shida na farko suka fito a 1726 sauran daga baya. Wani abokina ya ce ai wannan sata ce, na ce a'a, mutumin bai ɓoye sunan mai abu ba kuma aikin da ya zuba a ciki ba kaɗan ba ne.

Yadda concerto grosso yake, makaɗa 'yan kaɗan su ja gaba sai babban taro ya amsa musu, kamar dai mawaƙi da 'yan amshinshi. Inda wannan ya fi fitowa shi ne na 12, La Follia, wallahi shi kaɗai ya isa a sauke faifan saboda shi. Ɗan gajeren sauti ne na tsohuwar rawa ake ta jujjuya shi sama da sau 20, yanzu a hankali kamar ba za a motsa ba, can sai manyan gogen su ɗau gudu, goge na biyu da Geminiani ya ƙara yana bin na farko suna ja-in-ja, kuma Manze ba shi da tsoro ko kaɗan, yana dannar tsirkiya har ka ji ƙarar karcewa. Wasu za su ce ya yi gaggawa, ni haka na fi so, in ka ji na Corelli na asali tukuna sannan ka dawo kan wannan za ka gane bambancin nan take.

Aibinshi kuwa, tsakanin wurin sanyi da wurin ƙarfi akwai rata sosai, a sifikar waya rabin kiɗan ɓacewa yake, balle ana hayaniyar kabu-kabu ko fanka na juyawa. Ƙaramin bafil na Bluetooth ma bai fidda manyan gogen yadda ya kamata. Sannan in ka ce duka 12 za ka ji a zama guda sai sun gundure ka, na tsakiya suna kama da juna, biyu ko uku sun isa a rana.

Ku sauke da dare lokacin da rezo ya fi kyau, ku fara da na 12.